Farin Ƙyallen Yaya

Yaya ya rasu ranar Talata da hantsi, kwana tara bayan babbar salla, gero ya fara fitar da kai. Kada a tambaye ni shekarunsa da lissafin 'yan boko. Abin da na sani, shekarar babban fari, da shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanya, shi yana Kano yana koyon kanikanci, ni kuma ina goyon ɗana na fari. Shekarar da babanmu ya rasu ya tattaro kayan aikinsa ya dawo gida ya riƙe gona. Shekarar sanƙarau ya kwanta har muka fid da rai, Allah Ya tashe shi. Tsakanin wancan ciwo da wannan da ya tafi da shi an yi damina ashirin da 'yan kai.

Matar ɗana ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Ban taɓa zama a aji ba, amma na gaya mata duk inda ta gyara mini magana zan gane in ta karanta, don haka ta bar ta yadda ta fito.

Kafin azahar ƙofar gida ta cika. Ban taɓa ganin motoci a ƙauyenmu kamar na ranar ba. Direbobi suka zo daga Ɗanbatta, daga Minjibir, har daga Bagwai, wasu da fasinjansu a ciki, suka ce a yi haƙuri a tsaya a yi salla tukuna. Mu mata muna cikin gida, katanga ce kawai tsakaninmu da tabarmin maza, katangar ma ruwa ya zaizaye kanta, duk abin da aka faɗa a waje sai ya faɗo mana.

“Allah Ya jiƙan Baba. An rasa hanci.”

“Wallahi kuwa. Ni motata sai da ta zaga gareji uku a birni, kowa na cewa a sauke giyabos. Baba ya ɗiga man a ƙyalle, ya tafi ya dawo, ya ce man kawai za a canza. Shekara huɗu ke nan tana tafiya.”

“Irin hancinsa sai dai a gani a wurin barewa.”

Matar Yaya na zaune a bakin ɗakinta cikin lulluɓi, carbi a hannu. Muka haɗa ido, ta sunkuyar da kai. Ni da ita muka san cewa hancin da ake ta yabo ya riga mai shi mutuwa da shekara ashirin. Tun ciwon sanƙarau Yaya bai ƙara jin ƙanshi ko wari ba. Hancin da ya riƙe motocin nan duka, ga shi nan a fuskata.

Kuma ya bar mini wasiyya in faɗa. Nan ne gizo ke saƙar. In na yi shiru, na ci amanar mamaci. In na buɗe baki, ina tsoron mutanen da suka bar neman abincinsu suka zo binne shi su koma suna cewa ashe shekara ashirin yaudararsu yake. Kwana uku na yi da wannan magana a ciki, ina karɓar gaisuwa, ina amsa amin.

Bari in fara gaya muku ko wane ne shi, don kada ku auna shi da wannan kaɗai.

Lokacin da rayuwa ta yi tsada, mai ya yi wuya, ana kwana a layi, taki ya gagari talaka, a lokacin ne tsofaffin motoci 'yan Kwatano suka fara shigowa. A cikinsu akwai masu canza giya da kansu, otomatik, ba su da kuloci, daga totur sai birki. Ba wanda ke son su, shi ya sa suka fi araha. Ɗan gwaggonmu ya sayar da shanunsa na huɗa ya sayo ɗaya, doguwa mai ƙofa a baya. Taubashinmu ne, ɗan mace, wato bawanmu, ko da yake har yau bai yarda ba. Ita ce motar farko a ƙauyen nan. Ita ke kai gyaɗa da tumaki kasuwar Ɗanbatta, ita ke kai mara lafiya asibiti, ita ke ɗauko amarya.

Kwananta uku da zuwa ta ƙi tashi. Mazan garin nan suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu, har da na'ibin liman ya tattare riga, suka tura ta daga ƙofar masallaci har bakin kududdufi, suka juyo da ita, suka sake. Yaya ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa, ya tsaya yana kallo har suka yi zuwa uku.

Taubashi na haki ya ce, “Kai kuma ka tsaya kamar gunki! Ba za ka sa hannu ba?”

Yaya ya ce, “Ina jira ne in ga ko za ku kai ta Kano. Bawan Allah, wannan ba a tura ta. Ko garin nan duka ya mutu a bayanta ba za ta tashi ba. Batir ne, a nemo wani.”

Daga ranar aka san a gidanmu akwai wanda ya san cikinta. A birni ya koya, a hannun wani Bayarabe, shekara goma sha. Kanikawan yankin nan in aka kawo musu otomatik, magani ɗaya suka sani: a cire cikinta a mayar da ita mai kuloci. Yaya ya tsani wannan. Ya kan ce, “Don ba ka iya yaren mutum ba, ba ka yanke masa harshe.”

A gindin darbejiyar ƙofar gida yake aiki. Ba ya duba mota sai ta yi tafiya ta ɗumama, sai an tsayar da ita a wuri mai daidai, inji na aiki. Sai ya sa direba ya taka birki ya bi da sandar giya gida-gida, ya dawo da ita. Sannan ya zaro siririn ƙarfen nan da ake auna mai, geji suke ce masa, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗiga a farin ƙyalle. Kullum da fararen ƙyallaye a aljihunsa, alawayyo ne yake saya gaba guda matarsa ta yayyanka masa. Ya ɗaga ƙyallen ga rana, ya murza man tsakanin yatsu, sannan ya kai hanci. Man giyar otomatik ja ne kamar zoɓo. Shi ya kan ce jininta ne. “A tambayi mai kafin a tambayi mai mota. Mai ba ya ƙarya, direba ne ke yi.”

In abin ya kai a buɗe giyabos, sai ka ce ɗaurin aure za a yi. A share wuri, a yayyafa ruwa, a shimfiɗa sabuwar tabarma, a ɗora zane. Ya wanke hannu har gwiwar hannu. Ranar da ake iska ba ya buɗewa, ko da mai mota zai yi kuka. Ya taɓa korar mai unguwa daga wurin don yana ɓarar gyaɗa. Ya ce ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta kashe aikin kwana uku.

Wani lokaci kuma ba ya taɓa komai. Ya shiga gefen direba, ya cire takalmi, ya dafa ƙasan motar da tafin ƙafa, ya rufe ido, ya ce a ja. Ana tafiya yana ƙirgawa: “Ɗaya. Biyu. A'a, ta yi jinkiri a nan. Koma.” Yara su kan ce Baba na barci a motar mutane.

Ni kuwa sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, gadon innarmu. Ba yabon kai ba, daga soro nake gane gyaɗar da aka bari ta wuce wuta. A kawo mini kwalba goma, in faɗa miki wanne aka matse jiya, wanne ya kwana bakwai, wanne aka sirka. Da Yaya ya dawo daga birni ya mayar da abin wasa. Ya kan biyo ta gidana karɓar ƙuli, ya zaro ƙyalle ya ce, “Auta, shinshina.” In ce, “Wannan da ransa.” Ko in ce, “Wannan ya yi ƙauri kamar ƙanzo.” Ya yi dariya ya ce saura ya saya mini sifana. A haka na san ƙanshin jan mai na gaskiya, wani ɗan zaƙi-zaƙi ne da shi, ba ka mantawa.

Sai sanƙarau ya zo, ya wuce. Yaya ya tashi, ya koma gindin darbejiya. Wasan ƙyalle ya daina, na ɗauka girma ne ya zo. Matarsa ce ta fara lura. Mutumin da in daddawa ta yi kaɗan a miya tun daga soro zai fara mita, ranar nan tuwo ya kama, ƙauri har gidan maƙwabta, ya cinye bai ce uffan ba. Ta yi shiru, don ita mace ce mai zurfin ciki.

Shekara biyu bayan haka muka yi faɗanmu, wanda ba mu taɓa yin irinsa ba. Bazara ce, ana saura kusan mako uku babbar salla. Jan mai ya yi wuyar samu. Yaya ya samo galan guda a bakin hanya, ya biyo ta gidana da shi a bayan keke, yana murna. Ya buɗe ya nuna mini. Ja wur, ido ba zai ce komai ba. Amma ni tun kafin ya gama kwance murfin na ji abin da na ji.

Na ce, “Yaya, wannan ba shi ba ne.”

“Ba mene ne ba?”

“Ba jan mai ba ne. Tsohon baƙin mai ne aka tace aka zuba masa kala. Har da ɗan kananzir a ciki. Kai ba ka ji ba?”

Fuskarsa ta canza. Ban san na taka wurin ciwo ba. Ya ce, “Yanzu mai ƙuli ce za ta koya mini giya? Ki tsaya a kan kaskonki.”

Ni ma ba a bar ni a baya ba wajen baki. Na ce, “Kaskona bai taɓa ba ni kunya ba. Je ka zuba, in ta kwanta ka aiko a karɓi ƙuli a raba wa masu jaje.”

Ya ɗaure galan ya fita ko sallama babu. Mako uku ba mu gaisa ba, Allah Ya yafe mana.

Motar taubashi ya zuba wa. Ranar kasuwar Ɗanbatta ta ƙarshe kafin salla aka loda mata gyaɗar gida shida da raguna biyu, har da kwalaben maina. Ba su yi nisa ba ta fara kuka ba tafiya. A taka totur, inji ya yi ihu, ita kuwa tana nan tsaye kamar jakin da ya ga rami. Kasuwa ta ci ta watse ba mu. A shekarun nan, wanda kasuwar salla ta wuce shi, 'ya'yansa da tsohon kaya za su je idi. Gida shida.

Aka kawo amalanken shanu za a ɗaura igiya a ja ta. Yaya ya ce bai yarda ba, jan ta a ƙasa zai ƙarasa abin da ya rage. Sai da aka ɗaga gabanta aka ɗora a kan amalanke. Haka ta shigo gari, shanu a gaba, mota a baya, yara na bi suna tafi.

A gindin darbejiya mutane suka yi ca a kan taubashi, wai lodi ya yi mata yawa, wai haɗama. Da Yaya ya yi shiru, da maganar ta tsaya a nan, don gaskiya lodin ma ya yi yawa. Sai ya ɗaga hannu ya ce, “Ku ƙyale shi. Ni ne. Man da na zuba ne jabu.” Ya sauke giyabos, ya yi kwana tara a kanta. Kayan da suka ƙone, ragon layyarsa ne ya tafi a kansu. A shekarar gidan Yaya ba a yi yanka ba, ni na aika musu da cinya, ban haɗa da gaisuwa ba.

Bayan salla da kwana biyu, da la'asar, ina suya, sai ga sallamarsa. Ya kifa turmi ya zauna. Na ci gaba da juya ƙuli kamar ban gan shi ba. Ya daɗe yana kallon kaskon.

Ya ce, “Auta, me kike soyawa?”

Na ce, “Kai makaho ne?”

“Ina gani. Ji ne ba na yi.” Ya taɓa hancinsa. “Tun sanƙarau. Turare da kashin kaji duk ɗaya ne a wurina. Shekara biyu ina kai ƙyalle hanci a gaban mutane, ba abin da ke shiga.”

Na sauke kasko. Na zauna a ƙasa.

Ya ce ido na gane man da ya riga ya yi baƙi, amma kafin ya yi baƙi hanci ne ke ji, kuma a nan ne ake ceton mota. Jabu kuwa ido ba ya kama shi sam. Ya ce direbobi don hanci suke baro birni su zo ƙauye. In suka ji babu, kowa zai kai tasa a yanke mata harshe, shi kuma gona kaɗai ba za ta ciyar da bakin da ke gidansa ba a wannan zamani.

Na ce, “To mene ne amfanina? Ba ciki ɗaya muka fito ba? Hancina naka ne. Kawo ƙyallen.”

Ya yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, “Mai ƙuli.” Na ce, “Ita fa.”

Haka muka yi shekara ashirin. Ya ɗiga mai a ƙyalle, ya duba a rana, ya ƙulle a leda, ya ce wa direba, “Hanci ba ya aiki cikin hayaƙi da hayaniya. Jira ni.” Sai ya bi ta lungu ya shigo gidana, taku ɗari biyu ne. In goge hannu a zane, in karɓa, in shinshina. Magana biyar ce tawa: da ransa, ya gaji, ya fara ƙauri, ya ƙone, jabu ne. Ya ɗauki ƙuli biyu ya koma. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya sani, har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da zancen ba.

Amma a rubuta wannan da kyau, kada a ce na ƙwace wa mamaci riga. Ni na kan ce mai ya ƙone. Shi ya san abin da ya ƙona shi. Ko lagireto ne ba ya sanyaya shi, ko rariyar ciki ce ta toshe, ko direba ne ke sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba, ko lodi ne. Ya sauke farantin ƙasa ya duba garin ƙarfen da ya taru, ya faɗa maka saura wata nawa. Wannan ba hanci ba ne, ilimi ne, kuma nasa ne.

Sau ɗaya na ba shi kunya, kuma girman kai ne ya ja. Mura ta kama ni, hanci ya toshe. Ya kawo ƙyalle, na kai hanci, shiru. Maimakon in ce ban ji ba, sai na ce da ransa. Ya koma, ya shiga motar ya dafa ƙafa, ya ji tana santsi tsakanin biyu da uku. Ya dawo ya tsaya a kaina. Na shirya jin “mai ƙuli”, na shirya amsa. Sai ya ajiye mini ƙullin citta da kanumfari ya ce, “Da wuya a ce ban ji ba, ko? Na san wurin. Sha ki warke, motoci na jira.” Bai ƙara tayar da zancen ba. Ni da a ce ni ce, da sai na yi shekara ina goranta masa.

Farkon daminar bana ya shigo ba ƙyalle a hannu. Ya rame, yana tafiya yana hutawa. Ya zauna a kan turmin nan dai.

Ya ce, “Auta, in na riga ki, ki faɗa musu.”

Na ce, “Bakinka ciwo yake? Faɗa musu da kanka.”

“Na gwada sau uku. In na buɗe baki sai in ji ina zancen taki.” Ya yi 'yar dariya. “Na iya cewa ni na zuba jabu, amma wannan ya fi ƙarfina. Yabon da ba naka ba kaya ne. Ba na so a ɗora mini shi a makara, masu ɗauka su ji nauyi.”

Na ce Allah Ya sa ni zan riga shi. Ya ce, “A'a, ke kin fi ni baki.”

To, ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a an raba waina, matar Yaya ta yafito ni cikin ɗaki. Ta miƙo mini ƙullin leda. Ta ce, “Gwaggon yara, a aljihun rigarsa na gani. Ranar da ciwon ya kayar da shi ya ɗiga, yana shirin zuwa wurinki.”

Na san motar. Tana nan gindin darbejiya tun kafin salla, ta ɗan taubashi ce, wanda ya gaji sitiyarin ubansa, magidanci mai 'ya'ya biyar. Ana ta cewa gobe za a nemi babbar mota a ɗauke ta zuwa birni, tunda mai dubawa ya tafi.

Na kwance ledar. Na kai hanci. Sai na ji kamar ya turo ni ta baya. Na yafa mayafi na fita soro, na aika a kira mini taubashi da ɗansa. Suka shigo, direbobi huɗu ko biyar suka biyo su suka tsaya a bakin ƙofa. Taubashi ya tsufa, da sanda yake tafiya, ido ɗaya ya yi yana.

Na ce wa ɗan, “Motarka ba sai ta je birni ba. Mai ya fara ƙauri, bai ƙone ba. A sauke faranti, a wanke rariya, a zuba na gaskiya. Kuma ka rage mata lodi, halin ubanka ne ka ɗauko.”

Tunda na riga na hau, ban tsaya nan ba. Na faɗa musu duka, tun daga sanƙarau har galan ɗin jabu har lungu. Na ce shi ya ce in faɗa, kuma duk wanda ya ga an cuce shi, ga ni, ya fara da ni kafin ya kai ga mamaci.

Taubashi ya dogara sanda, ya dube ni da idon nan ɗaya. Sai kafaɗarsa ta fara motsi. Na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce, da hawayen a haɗe.

Ya ce, “Uwar ɗakina, yau kuma labari kika kawo mana? Shekara ashirin ƙyalle na tafiya da warin giya, yana dawowa da ƙanshin ƙuli, da sawun yatsa na man gyaɗa a gefe. Mu hancinmu sanƙarau bai taɓa shi ba.”

Wani direban Minjibir daga bakin ƙofa ya ce, “Inna, mu a tasha cewa muke, Baba ya tafi kotun ƙoli.”

Na ce, “Kun sani?”

Taubashi ya ce, “Tun shekarar farko. Na tara su na ce duk wanda ya nuna masa ya sani, kada ya ƙara shan ruwa a garin nan. Mutumin da ya tsaya gaban jama'a ya ce ni ne, ranar da ana shirin cinye ni ɗanye, shi zan tona? Mota dai tana tashi. Hancin gidanku ne, ina ruwanmu da fuskar da yake kai?”

Na ce, “To don me kuka kwana uku kuna an rasa hanci, an rasa hanci?”

Ya ce, “Ta'aziyya muka zo. Kuma mun san katangar gajera ce. Muna so mu ga kwana nawa za ki iya.”

Na ce masa bawa dai bawa ne ko ya tsufa. Sannan na koma ciki, na zauna kusa da matar Yaya, na yi kukan da ban yi ba tun ranar Talata. Abin da ya sa ni kuka, Yaya ya yi shekara ashirin yana bin lungu yana ɓoye abin da gari duka ke taya shi ɓoyewa, ya tafi bai sani ba. Matarsa ta ce a'a, wataƙila ya sani. Ta ce sau da yawa ya kan dawo daga wurina ya tsaya a soro yana kallon sawun man gyaɗar nan a ƙyalle, ya ga dai ga shi, ya mayar aljihu a haka bai canza wani ba. Allah Shi ne masani.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa ya huta, Ya rufa masa asiri a can kamar yadda aka rufa masa a nan, Ya shaƙa masa ƙanshin Aljanna da hanci sabo.

Cikin waɗanda suka tura mota zuwa bakin kududdufi, saura mutum biyu: na'ibin liman, wanda yanzu shi ne liman, ba ya fita sai Juma'a, da taubashi. Maigidana ya tafi. Mai unguwar da aka kora don ɓarar gyaɗa ya tafi. Doguwar motar nan tana bayan gidan taubashi ba taya, kaji na ƙwai a kujerar da Yaya ke cire takalmi. Matar Yaya na nan cikin takaba. Sai ni.

Motar ɗan taubashi ta tashi, jiya ta wuce Ɗanbatta da gyaɗa. Da safen nan kuma wani direba daga Bagwai ya yi sallama a ƙofata, ta ƙofar gaba, ba ta lungu ba, ya aiko matar ɗana da farin ƙyalle a leda. Na goge hannu na shinshina. Na ce ta gaya masa da ransa.